Malamin Dajin da Ba Ya Tambayar Wa Ya Kunna

Ranar Talata, 14 ga watan Janairu, 1997, azumi bai yi nisa ba, Allah ya karɓi ran Malam Hayatu Maishanu, tsohon malamin daji, a gidansa da ke unguwar Turaki a nan Jalingo, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Da hantsi ne. Ina shanya a tsakar gida sai na ji muryar matarsa, Inna Asta, ta tsallako katangar da ta raba gidajenmu, tana cewa daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ba ta ɗaga murya ba, amma na gane. Na ajiye bokiti, na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Ni Rebeka John ce, mai karanta sanarwa a sashen Hausa na gidan rediyo, 'yar wani manomin doya a wani ƙauye kusa da Iware. Ba danginsa ba ce ni. Shi Bafulatani ne Musulmi, ni 'yar Mumuye ce Kirista, amma Bappa nake kiransa kamar yadda 'ya'yan ƙannensa suke yi, kuma bai taɓa gyara mini ba. Don haka, Bappa, bari in yi magana da kai yadda muka saba yi ta kan katanga.

Wanda bai taso a ƙauye ba ba zai san abin da ake nufi da malamin daji ba. Muna yara, in an ji ƙarar babur ɗinsa sai a tura gatari ƙarƙashin gado. Shi ne mai cin tarar wanda ya sare itace, shi ne mai kama wanda ya sa wa daji wuta. To kuma a ƙasarmu wa ba ya sa wuta? Maharbi yana sawa don ya koro gafiya da zomo. Makiyayi yana sawa don ciyawa ta yi sabon toho. Mai cire zuma yana sawa, manomi mai sharar gona yana sawa. Kowa da 'yar ashanarsa a aljihu, kuma kowa na rantsuwa bai taɓa ganin ashana ba. Abin da wannan tsoro ya haifar shi ne, in wuta ta ƙwace, kowa sai ya yi gum. Wanda ya fara kai labari shi za a fara tambaya, wanda aka fara tambaya shi za a fara zargi. Sai mutum ya hango hayaƙi ya turnuƙe bayan gari, ya juya baya ya shige ɗaki, yana fatan iska ta kai ta wani wajen. Kuma wani wajen nan mutane ne a cikinsa.

Ka taɓa gaya mini, sau ɗaya tak, abin da ya canja ka. Kana sabon ma'aikaci aka kira ka wata ruga da wuta ta cinye, har da wata tsohuwa makauniya da aka bari a bukka. Da ka bi ƙauyukan da ke kusa sai ka tarar tun da safe suke kallon hayaƙin, ba wanda ya taka ya faɗa, saboda tsoron irinka. Ka ce mini ranar ka gane kakinka na cikin abin da ya kashe matar nan. Tun daga lokacin ka jefar da tambayar da aka koya maka. Duk wanda ya zo maka da labarin wuta, ba ka ce masa wa ya kunna. Abu ɗaya kake tambaya: ina ta dosa?

Da farko ba wanda ya yarda. An ɗauka sabuwar dabara ce ta kama mutane. Sai da rani ya bi rani, aka ga ba wanda aka ɗaure a sanadinka, tukuna bakuna suka fara buɗewa.

Da an gama girbi, ciyawa ta fara ja, sai ka ɗaura lasifikarka mai batir a kan babur ɗin nan naka, wanda duk Turaki ta san halinsa. Ba ya tashi sai an tura. Sau nawa na fito da takalmin aiki na tura ka har bakin titi, kana cewa in ƙara ƙarfi, wai 'yar manoma ce ni? Daga nan sai kasuwanni, daga Iware har ƙauyukan hanyar Mutum Biyu. Ka yi magana da Hausa, ka juya Fulatanci, sannan ka kawo Mumuyancinka mai karkatacciyar ƙafa, wanda matanmu kan riƙe ciki don dariya. Kana sane. Ka ce in sun yi dariya za su maimaita a gida, in sun maimaita saƙo ya isa. Kana koya musu su share ciyawa su kewaye gari da rumbuna tun ba ta bushe ba, su bar fili mai faɗin da mota za ta bi. Kana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A kowane ƙauye ka sa an rataye tsohon ƙarfen taya a jikin bishiya, ka ɗora bugunsa a wuyan mutum biyu, ladanin masallaci da katikis na coci, don kada wani ya ce ƙararrawar wasu ce. In ƙauye ya ji na maƙwabcinsa ya buga nasa. Direbobin tasha kuwa ka mai da su 'yan aikenka, duk wanda ka tsayar ya san gidan rediyo zai fara zuwa kafin ya sauke fasinja.

Akwai ranar da ka shigo mana ofis kana faɗa. Ina jin daɗina cewa sanarwata tana isa ko'ina, sai ka ce, "Rebeka, rediyonki kiwo yake tafiya." Ban gane ba sai da ka yi bayani. Makiyayi ya rataya rediyo a kafaɗa ya bi shanu, manomi ya ɗaure nasa a keke ya tafi kasuwa, ko ya kulle a ɗaki don kada yara su cinye batir. Waɗanda suka rage a gida lokacin da wuta ke tashi, mata da tsofaffi da ƙananan yara, ba su da abin ji. Na ji haushi, don gaskiya ka faɗa. Saboda haka ne ka koma bin mata masu tallan nono, kana zama a gefen ƙwaryarsu kana faɗa musu inda za su gudu in sun ji ƙarfe. Har rumfar masu burkutu ba ka bari ba. Ba ka shiga, sai ka tsaya can nesa ka saita lasifika, su kuma suna yi maka tsiya wai Malam ya matso ya ɗanɗana. Kai da su kun daɗe kuna wannan wasa, kuma ba su taɓa mance abin da ka faɗa musu ba.

Sai ranin 1993, ranar kasuwar Iware.

Ina tsakiyar shirin gaishe-gaishe da rana, sai aka shigo mini da wani direba, Hambali, gumi na zuba masa. Ya ce Malam Hayatu ne ya aiko shi. Wuta ta ƙwace a dajin yammacin Iware, iska na tura ta, ta dosa ƙauyuka. Ya jero sunayensu, ni kuma na buɗe makirfo ina maimaitawa. A tsakiyar jerin na ji bakina ya faɗi sunan ƙauyenmu. Na ci gaba da karantawa, don ba ni da zaɓi. Na ce a bar gona, a bar rumbu, a kwashi yara da tsofaffi a fita zuwa rairayin rafi ko filin da aka share. Ina faɗin a bar rumbu ina sane da cewa akwai mutum ɗaya a duniya da ba zai bari ba, kuma ubana ne.

Abin da ya faru a can, daga baya na ji, rabi daga bakinka, rabi daga bakin Baba, kuma inda kuka saɓa na fi yarda da kai. Bayan ka tura Hambali ka buga ƙarfen kasuwa, kasuwa ta watse, kowa ya nufi gida. Ka biya ta ruga ka tarar mata sun riga sun kwance maruƙa suna fita, don sun ji ƙarfe kuma sun san abin yi. Da ka iso ƙauyenmu aka ce kowa ya fita sai tsoho John. Ka same shi a gona, tsaye gaban rumbun doyarsa da ɗanyen reshe a hannu, zai yi dambe da wutar da ta fi bishiya tsawo. A rumbun nan akwai abincin shekara, akwai kuma irin da zai shuka, irin da ya gada daga ubansa. Ka ce ya hau babur. Ya ce da Hausarsa, "Doya na yana ciki, iri na yana ciki, ka tafi abinka." Ka roƙe shi, ya ƙi. Ba ka da ƙarfin ɗaukarsa, don kai ma sanda ce aka sa wa riga.

Sai ka kashe babur. Ka sauka, ka zauna a ƙasa kusa da shi, ka ce, "To shi ke nan, John. In an zo sai a kwashe tsofaffi biyu."

Baba ya ce ya zage ka da Mumuyanci, zagin da bai taɓa yi wa baƙo ba. Sannan ya jefar da reshen ya hau. Kuma babur ɗin nan, Bappa, wanda ya cinye mini takalma, ranar bugu ɗaya ya tashi. Kai ka ce ikon Allah ne, Baba ma ya ce ikon Allah ne, kuma a nan kam ba ku saɓa ba.

Ba a rasa rai ko ɗaya ba a duk ƙauyukan da na karanta. Gidaje sun tsira saboda filin da aka share. Amma rumbunan da ke cikin gonaki sun tafi, namu na ciki. Na je na ga Baba zaune yana tona toka da sanda, yana fito da doya ƙonanniya yana ajiyewa gefe kamar za ta yi wani amfani. Bai yi kuka ba. Ni na yi, kuma kukana fushi ne.

Da fushin na zo maka. Ban tsaya ta katanga ba, na zagayo ta ƙofa, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce wa ya gaya maka wuta ta ƙwace tun kafin kowa ya ga hayaƙi? Ka ce wani ne ya same ka a bayan kasuwa kana alwala. Na ce shi ya kunna? Ba ka yi mini ƙarya ba, kuma wannan ya ƙara ƙona mini rai. Ka ce, "Shi ne. Da ƙafarsa ya zo." Na ce to faɗa mini sunansa. Ka ce a'a. Na ce ubana ya tsufa, an mai da shi mabaraci a rana ɗaya, kai kuma kana ɓoye wanda ya yi? Na faɗi maganganu, Inna Asta shaida ce, har ta fito ta riƙe mini hannu. Ka bar ni na gama. Sannan ka ce, "Rebeka, da mutumin nan ya san zan faɗi sunansa, da bai zo ba. Da bai zo ba, da yau zaman makokin babanki muke. In na ba ki shi, na sayar da duk wanda zai zo gobe."

Ban ce na yarda ba. Na fita na bugo maka ƙofa. Har yau kuma ban ce na yi laifi ba, ubana ne, kuma doyarsa ce.

Ba ni kaɗai nake neman sunan ba. Na gaba da kai a wurin aiki ma sun nema, don ɓarnar ta yi yawa, ana son a nuna an kama wani. Su ma ba za a ce ba su da hujja ba, doka ce a hannunsu. An kira ka, an sake kiranka. Ka ce musu ka san shi, kuma ba za ka faɗa ba. Da ka ce ba ka sani ba da an bar ka, amma ba ka iya ƙarya ba. Ƙarin girman da kake jira ya wuce ta kanka ya sauka kan yaran da ka koya wa aiki, aka kuma tura ka can wajen Mutum Biyu, nesa da iyali. Na zaci za ka yi baƙin ciki. Sai na gan ka kana ɗaura kaya a babur kana murmushi, wai dama ƙauyukan can ba su da ƙarfen bugawa. Inna Asta ta yi mita kwana biyu, ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma naka ya wuce misali. Sannan ta ɗaure maka dambun nama a leda.

Lokacin shuka ya matso, Baba ba shi da iri ko ɗaya. Ran nan da safe ina ƙauye sai na ga mutane suna shigowa gidanmu ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin doya, wani a kwando, wani a buhu, wani guda biyu a hannu. Mutanenmu, Hausawan Iware, maharba, har Fulanin ruga da ba sa noman doya sun saya sun kawo. Kowa ya zuba a tuli ɗaya ya gaisa ya wuce. Haka aka yi wa duk gidan da rumbunsa ya ƙone. Kai kuwa kana zaune a gindin mangwaro kamar ba ruwanka. Na matso, don na san aikinka ne. Ka ce mini a hankali, "Na mutumin da kike nema na cikin tulin nan, kuma nasa ya fi na kowa yawa. Shi ya nemi ya biya. Na ce ya bari sai kowa ya kawo." Na tsaya ina kallon tulin, ina kallon masu fita. Doya duk doya ce, ba wadda aka rubuta wa suna. Kai, Bappa, ka iya shirya abu! Baba ya shuka, kuma doyar shekarar ta yi kyau, har ya aiko maka da manya guda biyu, ya ce a gaya maka zagin nan ya janye rabi.

Daga shekarar nan abin ya zama jiki. Mutum zai zo da rana tsaka ya ce wuta ta fi ƙarfinsa, ba kunya ba tsoro, a buga ƙarfe, a tare ta tun tana ƙarama. Ko bayan ka yi ritaya ba su daina ba. Ba ofis suke zuwa ba, ƙofar gidanka suke zuwa, kai kuma ka leƙo ta katanga ka kira ni. Wuta ba ta daina tashi ba, ba kuwa za ta daina ba, amma a iya sanina tun daga ranin nan ba ta sake cin mutum a ƙauyukan da kake zagayawa ba. Ka tsufa cikin rufin asiri, kana kiwon 'yan tumakinka, kana faɗa da jikoki a kan batir. Ban taɓa jin ka ambaci girman da ya wuce ka ba. Ni ce dai nake tsokanarka lokaci lokaci, in ce Bappa, yanzu ai magana ta wuce, faɗa mini a kunne. Sai ka yi dariya ka ce in je in tura babur.

Ranar sadakar uku ƙofar gidanka ta cika har titi. Motoci sun zo daga Iware da Mutum Biyu, da mutanen da ban taɓa gani ba. Baba ya zo, da sandarsa, ya zauna cikin masu azumi bai ko tauna goro ba don girmama su. Ba zan ɓoye maka ba, na tsaya a bakin zaure ina bin fuskokin maza ɗaya ɗaya, ina cewa ko wannan ne, ko wancan ne. Duk idanunsu sun yi ja, ba yadda zan bambance. Na shiga ciki na tambayi Inna Asta ko ka bar mata sunan. Ta ce shekarun da kuka yi tare ko da wasa ba ka taɓa faɗa mata ba.

Muna cikin haka sai wani mutum ya iso a keke, ƙafafunsa duk toka. Bai san ka rasu ba. Ya ga taro ya tsaya turus, aka gaya masa, ya dafe kai. Ya juya zai tafi, sannan ya dawo, ya ce shi dai wuta ce ta kawo shi, a dajin bayan ƙauyensu, kuma bai san wa zai gaya wa yanzu ba. Wani daga cikin baƙi ya buɗe baki ya ce, "To wa ya..." Bai ƙarasa ba. Baba, ubana, mutumin da ya fi kowa haƙƙin yin wannan tambaya, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ba a tambaya wannan a gidan nan. Ina ya dosa?"

Mutumin ya faɗa. Hambali ya tashi ya tayar da mota, ɗanka Yuguda ya shiga gaba, ni kuma na ɗauki gyalena na nufi gidan rediyo. Kafin la'asar an tare ta. Ba a rasa ko akuya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Asta, wadda ta yi haƙuri da miji mai raba kansa tsakanin gida da daji, da 'ya'yanka Yuguda da Hamna da Zaid, da jikoki, da dukan dangi. Ina miƙa ta ga mutanen Turaki, da masu tallan nono, da direbobin tasha, da ladanai da katikis masu buga ƙarfe. Ina miƙa ta kuma ga wani mutum guda da ban sani ba, wanda na tabbata yana cikin taron nan, kuma ya fi mu duka sanin wanda aka rasa. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Bappa Hayatu. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa wannan wata mai alfarma da ka tafi a cikinsa ya zama shaida a gare ka. Yadda ka rufa wa bawansa asiri, Allah ya rufa maka naka. Yadda ka tsaya tsakaninmu da wutar duniya, Allah ya nisanta ka da ta lahira, ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau.

Sunan nan da ka tafi da shi, riƙe abinka. Na daina tambaya.